Wankan Jego a Watan Tuba

Bana ɗana Nura ya hau rufin gidan da muke haya a unguwar Darrasa a Alƙahira, shi da wasu Misirawa biyu, suka girka wani tanki mai bututun gilashi a jere, wai rana ce za ta riƙa dafa mana ruwa. Na ce masa ranar Alƙahira a lokacin sanyi ko rigar jariri ba ta busarwa, balle ta dafa ruwa. Ya yi dariya ya ce in jira in gani. Washegari da hantsi na murɗa famfo, sai ga ruwa yana zubowa har da tururi, ba ashana, ba gas, ba layi. Na bar hannuna a ƙarƙashinsa har ya fara ƙona ni. Wata da hamdala za ta yi. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, na rufe famfon na koma ɗaki ban yi wankan ba.

Nura ya biyo ni yana bayani, shi dai ba ya gajiya da bayani. Wai yanzu so ake kowa ya rage shan wuta da gas, don abin da aka rage a loda shi a jirgin ruwa a sayar wa ƙasashen da ƙanƙara ke rufewa. Na ce masa wannan magana ta girme shi a kunnena. Na ji ta a bakin matan Misirawa shekara goma sha wani abu da suka wuce, muna tsaye a layin gas, a sanyin da Zulai ta haihu.

Sunana Abu, 'yar Soba ce ni, amma a nan kowa Goggo yake ce mini. Mijina ya kawo ni da sunan karatun shekara huɗu, karatun bai ƙare ba har ya koma sayar da littattafai, har Allah ya karɓi abinsa. Na zauna ina sarin kaya a kasuwar Ataba ina aikawa gida. Bayan wannan ina da wani aiki da ba a biyana sai da zani da sabulu: duk matar ɗalibin da ta haihu a unguwar nan ni ke yi mata wankan jego, tunda ba uwa kusa. Ina alfahari da aikin, ba zan ɓoye ba. Nakan faɗa a gaban kowa cewa ba mai jegon da ta taɓa kumbura a hannuna, ba jaririn da ya taɓa ko tari.

Zulai matar Malam Sadisu ce, wani ɗalibi mai sanyin hali, dukansu daga Malumfashi. Shekara shida da aure, ɓari biyu, sai a na ukun Allah ya tsaya mata. Ta haifi namiji ɗan mitsitsi a farkon watan da Misirawa ke kira Tuba, wanda suke cewa yana mai da budurwa tsohuwa. Aka sa wa yaron sunan kakansa, muna kiransa Abba. Ranar suna Zulai ta riƙe hannuna ta ce ita ba ta san komai ba, ni ce uwarta a ƙasar nan, in taimake ta ta fita arba'in da ɗanta lafiya. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta faɗo hannun da ya iya.

Wanda bai yi sanyi a Alƙahira ba zai ɗauka wasa ne. A gida sanyi a waje yake, kana shiga ɗaki ka tsira. A nan cikin ɗakin yake zaune yana jiranka. Bangon dutse, daɓen tayil, tagogi dogaye da aka yi su don zafi. Ɗakin su Zulai a hawa na huɗu yake, tagarsa na kallon tsauni, iska na shigowa ta kowace kafa tana kaɗa labule ko an rufe. Da safe in ka yi magana sai ka ga hayaƙi na fita daga bakinka. Yayyafi ya yi ta sauka kwana da kwanaki, lungunan Darrasa suka zama caɓi, shanya ta kwana uku a igiya tana warin danshi. Hannuwana suka tsage har ina jin zafin gishiri in na taɓa miya.

A cikin wannan hali gas ya ɓace. Tukunyar gas ɗin da ake girki da ita, wadda suke kira anbuba, da can har ƙofar gida ake kawo ta. Mai sayarwa na tafe a keke yana buga ta da sifana, ka leƙo ta taga ka kira shi. Sai aka wayi gari ƙarar ta ɗauke ɗif. Mai so sai ya tafi ma'ajiya tun bayan sallar asuba, ya tarar da mutane sun fi tururuwa. Matan Misirawa na gangara tasu tukunyar da ƙafa, ni kuwa sai in yi gammo in ɗora a kai kamar tulu, suna kallona suna nuna ni da baki. A layin nan na ji ana cewa manya sun sayar da gas ga Turawa don su ɗumama ɗakunansu, wasu na cewa a'a, masu ɓoyewa ne. Ban san mai gaskiya ba. Abin da na sani, sau da yawa da wofin tukunya nake komawa, wuyana kamar zai karye.

Na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki kuwa ba a maganarta. Wayoyin gidan sun tsufa, kana kunna ta wutar benen gaba ɗaya za ta ɗauke, mai gidan hayar ya hau sama yana zage-zage.

Wankan jego ba wankan kwalliya ba ne. Sau biyu a rana, safe da yamma, a tafasa ruwa babbar tukunya biyu, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi laushi, a gasa mata ciki, a dama mata kunun kanwa mai zafi. Anbubar da ke yi wa gida sati uku, mu kwana biyar take yi mana. Matan ɗalibai sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Wannan ta aiko da ragowar tata, waccan ta aiko da tata, mu kwantar da tukunyar a gefe mu girgiza ta don mu tatsi na ƙarshe. Muka daina tuƙa tuwo. Wake da gurasa muke saya a bakin titi mu ci da sanyinsu, duk wutar da ke gidan ta koma ta ruwan Zulai. Malam Sadisu yana cikin jarrabawa, ko shayi bai isa ya dafa ba sai na ba da izini.

Wata rana ya shigo da wani ɗan ajinsu, fari sol, daga can ƙasar Rasha. Mutumin ya dubi ɗakin ya girgiza kai. Ya ce a garinsu ƙanƙara na kai wa gwiwa amma da riga ɗaya suke zama a ɗaka, domin zafin da ya fi araha shi ne wanda ba ka bari ya gudu ba. Suka sayo leda mai kauri da salatif. Suka cusa tsofaffin jaridu a kafofin taga, suka manne leda a kai tun daga sama har ƙasa, suka naɗe tsohon bargo aka tokare ƙarƙashin ƙofa. Gaskiya ɗaya ce, labule ya daina motsi, ɗakin ya yi dama. Da zai tafi ya ƙara da cewa su nasu zafin ta bututun ruwa yake zuwa a jikin bango, ba sa kunna wuta a ɗakin da aka toshe haka. Malam Sadisu ya fassara mini. Na ce to, a raina ina cewa tuzuru ne zai koya mini jego.

Da gas ya ƙara wuya Malam Sadisu ya kawo shawara a mai da wankan sau ɗaya, da ruwa mai ɗumi kawai. Ranar ya ji bakina. Na ce masa ya karanta littattafai har sun yi masa doro amma bai taɓa haihuwa ba, in sanyi ya shiga jikin mai jego ba ya fita sai da ita, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Da na kawo maganar gawayi ne kawai ya tsaya. Ya ce mai gida ya hana, abokinsa ma ya hana, in yi masa rai kada in shigar da shi ɗakin. Na ce masa na ji.

Kwana goma sha takwas da haihuwa gas ya ƙare ƙaf, ba a gidansu ba, ba a gidan kowa ba. Kwana biyu Zulai ba ta yi wanka ba. Na danna ƙafarta da yatsa na ga ya lotsa, Abba kuma ya fara atishawa, hancinsa na zuba. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da tsoron a ce a hannun Goggo Abu aka kumbura. Na je wurin masu sayar wa gidajen shayi gawayin shisha na sayo rabin buhu, na sayi kaskon ƙasa irin wanda suke gasa abinci a ciki. Na hau rufin gida na hura wuta a can, na tafasa ruwa na sauko da shi bokiti bokiti. Wannan ban karya maganar kowa ba.

Da na gama sai na dubi garwashin, ja wur, yana ci a banza a cikin iska. A garinmu mai jego a kan gadon ƙasa take kwana, wuta na ci a ƙarƙashinta har ta fita arba'in. A kansa aka haife ni, a kansa na yi jegon farko. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne ɗakin uwata rufin ciyawa ne, ƙofarsa asabari, iska na ratsa shi ta ko'ina. Na kwashe garwashin a kasko na nufi ƙasa.

A matakala na haɗu da Umm Sayyid, matar mai gadin gidan. Ta dubi kaskon ta dafa ƙirji. Ta ce gawayi a rufaffen ɗaki ɓarawo ne, ba ya wari ba ya hayaƙi, a ƙauyensu ya taɓa kwashe gida guda. Na amsa mata da Larabcina na kasuwa cewa mu a kan wuta ake haihuwarmu, ta je ta ji da sharar matakalarta. Na wuce na tura kaskon ƙarƙashin gadon ƙarfen Zulai.

Ranar farko ina gidan, ina shiga ina fita, ƙofa ba ta zauna a rufe ba. Ɗakin ya ɗauki ɗumi irin wanda ba mu ji ba tun shigowar Tuba. Zulai ta miƙe ƙafa ta ce yau ta tuna gida. Can ta ce kanta na sarawa, na ce jinin jego ne, ta shanye kununta ta daina raki. Abba ya yi barci mai tsawo, na ce ta gani ko, da ma sanyi ne ke hana shi. Kafin la'asar na fitar da kaskon. Na ja mata kunne kada ta gaya wa Malam, maza ba su san kan waɗannan abubuwa ba. Ta ce ba za ta faɗa ba.

Washegari bayan wankan safe labari ya zo cewa motar gas ta iso ma'ajiya. Na san in na tafi zan daɗe, don haka na ƙara gawayi a kan garwashin yadda zai kai su azahar. Na kwantar da Zulai, na sa mata Abba a gefenta, na lulluɓe su. Na ja ƙofa, na durƙusa daga waje na tura bargon nan da yatsuna har ya toshe kafar sosai. Na yi haka ne don kada zafi ya gudu.

A layi na yi faɗa da mace uku. Wata ta yage mini mayafi, na taka wata, na kai gaba da ƙarfin tsiya. Ana kiran azahar na fito da cikakkiyar anbuba a kaina, ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Na hau hawa huɗun nan ban huta ba.

Ina buɗe ƙofa iskar ɗakin ta daki kaina, jiri ya ɗebe ni. Zulai na kwance ta karkace, amai a gefen bakinta, hannunta ɗaya ya faɗa a kan zanin da aka naɗe yaron. Na kira ta ba ta amsa ba, amma tana numfashi sama sama. Na ɗaga Abba. Jikinsa da ɗumi, fuskarsa ta yi kyau fiye da kullum, leɓensa ja. Na sa kunnena a ƙirjinsa, na hura masa baki, na jijjiga shi. Na wanke jarirai da yawa, na san wanda ke barci da wanda ba barci yake ba.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban yi ihu ba. Na mai da yaron inda yake. Na yage ledar taga na buɗe ta, na janyo Zulai kusa da iska. Na ɗauki kaskon da gefen zanina na hau da shi rufi, na juye shi a bayan tankin ruwa na kwara masa bokiti. Na sauko na share tokar da ta zuba ƙarƙashin gado. Sai da na ga ba abin da ya rage sannan na fita matakala na kwarma ihu.

A asibiti Malam Sadisu bai iso ba tukuna, yana ɗakin jarrabawa, Zulai kuwa ko gaisuwa ba ta iya da Larabci ba. Ni ce tafinta. Likitan ya tambaye ni ko akwai wuta a ɗakin, gawayi ko murhu. Na dube shi na ce babu, gas ɗinmu ma ya ƙare kwana uku. Na ce yarinyar ba ta da jini, tun jiya take jiri. Ya ɗan daɗe yana kallona, sai aka kira shi wani wuri, mutane sun yi masa yawa.

Aka binne Abba kafin magariba a maƙabartar da ke bayan unguwa, yayyafi na sauka. Mata suka cika ɗakina suna tambaya yaya aka yi. Na ce Allah ne masani, ni dai na same ta hannunta a kansa. Kalma ɗaya ban ƙara ba, kuma ba ƙarya a cikin abin da na faɗa. Kafin gari ya waye duk Hausawan Darrasa sun san Zulai ta yi nauyin barci ta danne ɗanta.

Umm Sayyid ta sani. Ba ta faɗa ba, don in maganar gawayi ta fito mijinta ne zai rasa gadinsa. Amma daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba, in na zo wucewa sai ta tattare bokitinta ta juya baya.

Zulai ta farfaɗo ta tarar da labarin yana jiranta, ta karɓe shi. Ba ta tuna komai, sai dai ta kwanta da ɗanta ta tashi babu shi. Mata na zuwa gaisuwa da goyonsu, in ta miƙa hannu sai uwar ta ce yaron na rigima, ta gyara goyo. Wata ta faɗa a gabanta cewa wanda Allah bai nufa da riƙo ba ko an ba shi sai ya saki. Uwar Malam Sadisu ta bugo waya daga gida, muna jin muryarta daga ƙofa tana cewa shekara shida ana jira ashe makashiya ake jira. Shi bai zagi Zulai ba, bai ɗaga mata murya ba. Ya ɗauke tabarmarsa ya koma ɗakin abokansa, in ya shigo ɗaukar littafi bango yake kallo.

Mai jego ko ɗanta ya koma sai ta cika wankanta. Da anbubar da na yi faɗa a kanta na ci gaba da tafasa ruwa. Nono ya cika mata yana zuba, na ɗaure mata ƙirji da zani tana cije leɓe. Kuma na fi kowa tsananta mata. In ta fara kuka sai in daka mata tsawa in ce kuka ba ya dawo da abin da sakaci ya tafi da shi. Ni na faɗi haka, da bakina, ina fyaɗa mata ganye a baya. Ba na iya kallon fuskarta, shi ya sa nake juya ta tana kallon bango. Duk ranar da na yi niyyar faɗa mata gaskiya sai in tuna da matan nan da bakinsu, in ce gobe.

Arba'in na cika Malam Sadisu ya yanko mata tikiti, wai ta je gida ta huta. Kowa ya san irin wannan hutun. Takardarta ta bi ta bayan wata biyu. Na ji an ce ta sake aure, ta haihu, amma ba ta yarda ta kwanta gado ɗaya da jariri, a zaune take shayarwa tana tsunkulin cinyarta don kada barci ya ɗauke ta. Mai ba ni labarin har lambarta ta ba ni, tana nan a wayata ban taɓa bugawa ba.

Ranar tafiyarta da safe ta hauro ɗakina. Sanyi ya fara sauƙi, rana ta fito. Ta rame har ɗankwali na yi mata yawa. Ta durƙusa ta ajiye zani sabo da sabulu uku a gabana, kamar yadda ake yi wa wadda ta yi wanka. Na ce ta ɗauke kayanta, ta ƙi.

Ta ce, "Goggo, maganar kaskon nan ban gaya wa Malam ba. Ko da ya matsa mini da tambaya ban faɗa ba, kada ya ga kamar kin karya maganarsa. Ke dai taimakona kika yi."

Na sunkuyar da kai ina kallon sabulun.

Ta ce, "Kin ɗauki tukunya a kanki saboda ni, kin ci wake da sanyi saboda ni. Kika riƙe mini shi kwana ashirin lafiya, rana ɗaya kika bar mini shi na kasa. Don girman Allah, Goggo, ki yafe mini."

Mota na jiranta a ƙasa, direban yana ta danna ham. Ta ɗago tana kallona, tana jira. Na miƙa hannu na jawo zanin da sabulun gabana.

Na ce, "Na yafe miki, Zulai. Tashi ki tafi kada ki makara."